Ranar Da Muka Yi Wa Akawun Yaya Ƙaura

Ni ce auta a gidanmu, kuma gyaran kwamfuta ne sana'ata. Ina da ɗan shago a saman wani dogon bene, tsakanin tela da mai sayar da gilashin ido. Kwamfutocin da suka bi ta hannuna ba sa ƙirguwa, amma akwai guda ɗaya da aka hana ni taɓawa shekara da shekaru, ita ce ta babban yayana.

Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba, har wasu kan ɗauka shi ya haife ni. Ina rarrafe yana aiki a wani ofis, yana buga takardu da tafireta. Saurin hannu gare shi na ban mamaki. Yana iya yi maka hira yana kallon fuskarka, yatsunsa na can suna aikinsu ba kuskure. Da aka kawo kwamfuta ofishin, shi aka fara zaunarwa a gabanta. Ana cikin haka idonsa ya fara ba shi matsala. Da farko gefe ne ya daina gani, sai ya yi karo da bakin tebur ya yi dariya ya ce teburin ne ya matso. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an zo a makare. A hankali hasken ya riƙa tsukewa kamar mai leƙe ta cikin bututu, har ranar da bututun ya toshe.

Ofis suka sallame shi cikin mutunci, ya dawo gida ya zauna. Wannan zaman ne matarsa, da muke kira Anti, har yau ba ta son a tuna mata. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, ya koma in ka yi masa magana goma da ƙyar ya amsa ɗaya. Kujera ɗaya gare shi a bakin taga, a nan rana take fitowa ta same shi, a nan take barin shi. In Anti ta kunna masa rediyo sai ya lalubi wajen kashewa. Abinci ma sai ta tsaya a kansa.

Wani tsohon abokin aikinsa ne ya ja shi da ƙarfin tsiya zuwa wata ƙungiya ta makafi, inda ya fara jin kwamfuta tana magana. Duk harafin da ka danna ta faɗa, duk abin da ke kan sikirin ta karanto maka. Ba a daɗe ba aka haɗa masa tasa aka kawo gida. Muryar da ke ciki ta namiji ce, tana fita ta hanci kamar ta mai mura. Yaya ya sa mata suna Akawu.

Matsalar ita ce Akawu bai iya Hausa ba. In ka rubuta masa gaisuwa sai ya karanto wani abu da ko mai shi ba zai gane ba. Amma Yaya ya gano ana iya koya masa. Za ka rubuta kalmar yadda take, a gefenta ka rubuta yadda kake so ya furta ta da irin haruffan da ya sani, ka saurara, ka gyara, ka sake saurara. Haka ya duƙufa. Kalma ɗaya kan cinye masa yini guda kafin kunnensa ya yarda. Ya fara da kalmomin cikin gida, ya tara su a kundi ɗaya. Da aiki ya fara shigowa ya buɗe wasu kundayen, na maganar asibiti daban, na kotu daban, na noma daban.

Aikin kuwa wani gidan rediyo ne ya fara ba shi. Su aiko masa da hirarrakin da suka ɗauka, shi ya saurara ya mayar da su rubutu, Akawu ya karanta masa ya gyara. Daga baya ɗalibai da masu bincike suka gano shi. A gidan rediyon Kunne suke ce masa, don ko mutum uku na magana lokaci ɗaya cikin hayaniyar kasuwa zai ware maka abin da kowa ya faɗa. Surutunsa ya dawo, har ya fi na da. Anti takan ce da ta san haka abin zai koma da ta ɗan rage addu'ar.

Abin da ke haɗa ni faɗa da shi babbar manhajar kwamfutar ce, wato tsarin da ke tuƙa na'urar gaba ɗaya, wanda sauran manhajoji ke zaune a kansa. Nasa tsarin ya tsufa har masu shi sun daina kula da shi. Akawu ba ya zama a kan sabon tsari. Kamfanin da ya yi shi ya daɗe da rufewa, kuma ba hanyar da za a sake saka shi daga farko. In wannan kwamfutar ta mutu, ba inda za a samo wani Akawun.

Na sha kawo masa sababbin muryoyi ya ji. Sai ya saurara na ɗan lokaci ya karkace baki.

"Auta, wannan ai mai sanar da tashin jirgi ce. Ɗauke min ita."

"Yaya, to ka bari ko kwafi in yi maka. Ba zan canza komai ba."

"Duk mai gyara haka yake cewa. Lafiyarta ƙalau, ki ƙyale ta."

Wata safiya ina shirin fita shago sai ga wayarsa. Bai tsaya gaisuwa ba, abin da ba halinsa ba.

"Auta, biyo ta nan ki ji wani abu."

Na same shi a ɗan ɗakin aikinsa, zaune gaban teburin, hannuwansa a kan cinya maimakon kan madannai. Haruffan madannan nan duk sun goge, sai santsi. Akwatin kwamfutar na ƙasa a kan wani katako da ya sa aka yanko mata don kada ruwan goge-goge ya taɓa ta. Anti na tsaye a bakin ƙofa da tsumma a hannu.

"Yi shiru," in ji shi.

Ban ji komai ba sai fankar ciki. Na buɗe baki zan yi magana ya ɗaga yatsa. Sai na ji. Ƙas. Can kuma, ƙas, ƙas.

A cikin kowace irin wannan tsohuwar kwamfuta akwai faifan ajiya, wani faranti da ke juyawa da gudu, da ɗan siririn hannu da ke bi ta kansa yana karantawa. In ka ji wannan ƙarar, hannun ne ya je neman wuri ya rasa, ya dawo ya bugi gefe. Faifan da ya fara haka yana iya yin wata guda, yana iya tafiya kafin ka gama shan shayi.

"Tun yaushe take yi?"

"An kwana biyu."

"Kuma ba ka faɗa ba?"

"Na ɗauka za ta daina."

Na miƙa hannu zan kashe ta. Ban san yadda aka yi ya gane ba, sai jin yatsunsa na yi sun damƙe min wuyan hannu.

"Ina da hirar da na kai rabi. Gobe suke so. Ki bari in ƙarasa, sai ki yi duk abin da za ki yi."

"Yaya, duk juyin da faifan nan ya yi ƙara cin kansa yake. Ƙarfin da ya rage masa ko dai ya tafi wajen hirarka, ko ya tafi wajen kwashe Akawu. Ba na jin zai iya biyun."

"In kin kashe, kin tabbata za ta sake tashi?"

Ban tabbata ba, kuma ba a yi wa kunnensa ƙarya. Na ce masa ban tabbata ba. Bai sake ni ba. Faifan ya sake yin ƙas.

Anti ce ta yi magana, a hankali, daga inda take.

"Sake ta ta kashe. Hira ko an rasa ta wata za ta zo."

Ya sassauta yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Amma ya ce shi zai kashe da kansa. Ya danna abin da ya saba dannawa, Akawu ya yi sallamarsa ta kullum da muryar murar nan, fankar ta tsaya. Ɗakin ya yi tsit.

Muka naɗe akwatin a bargo. A cikin tasi ya ƙi yarda a sa shi a but, ya rungume shi a cinya kamar mai kai jariri asibiti. Duk ramin da muka nufa, kafin ni in gani shi ya ji direban ya canza tafiya.

"Malam direba, a hankali don Allah, mara lafiya muke ɗauke da shi."

Direban ya waiwayo ya dubi Anti, ya dube ni, ya ce Allah ya sawwaƙe.

A shago na daɗe da ajiye masa wata kwamfuta ba tare da ya sani ba. Ba sabuwa fil ba ce, don sabuwa ba za ta karɓi tsohon tsarin ba ko kusa. Mai matsakaicin shekaru ce, mai ƙwari, da na saya lokacin da wani ofis ya canza kayan aiki. Na zaunar da shi a kujerar baƙi, na bayyana masa abin da zan yi. Ba zan tayar da tsohuwar kwamfutar ba. Zan ciro faifan in haɗa shi da tawa, in kwafe shi ɗungurungum, daga farkonsa har ƙarshe, zuwa wani lafiyayyen faifai. Tsarin, da Akawu, da kundayen, da hirar, duk a tafi ɗaya. Daga nan sai in sa sabon faifan a ɗaya kwamfutar mu ga ko tsohon tsarin zai yarda da sabon gida.

"In bai yarda ba fa?"

"Sai mu lallashe shi."

Na kwance sukurorin. Ƙurar da ke ciki ta isa a shuka wani abu. Na ciro faifan da hannu biyu, na kwantar da shi a kan tawul, na jona wayoyin, na saita ƙaramar fanka a kansa don kada ya yi zafi. Na yi bisimilla na ba shi wuta.

Ya yi wani ƙugi, ya yi ƙas, ya yi shiru. Sai ya ɗauki juyi.

"Ya tashi," in ji Yaya, tun kafin sunan faifan ya fito a sikirin ɗina.

Na sa kwafin. Wani dogon layi ya bayyana, fari fat, da ɗan kore a bakinsa na hagu. Sai koren nan ya cika layin aikin zai ƙare. Na gaya masa haka, shi kuma ya ce in riƙa faɗa masa inda ya kai.

Da farko ya tafi lafiya. Anti ta zauna a kan wani kwali tana murza gefen mayafinta. Wani ya leƙo da waya a hannu yana neman caja, na ce masa yau ba aiki, na ja ƙofa. Yaya ya jawo kujerarsa har gwiwarsa na taɓa teburin, ya sunkuyar da kai, kunnensa na dama na fuskantar faifan.

"Zai yi," ya ce.

"Zai yi me?"

Ƙas. Koren ya tsaya cak.

Na dube shi. Ya ce kafin faifan ya buga akwai wani siririn kuka da yake yi, kamar na sauro. Ni ban ji ba. Na sa manhajar ta tsallake wurin da ya gagara, ta ci gaba, daga baya a dawo masa. Na taɓa bayan faifan, ya yi zafi. Daga nan muka raba aiki. In ya ji kukan sauron ya ce min, ni kuma in dakatar da kwafin, in bar fanka ta huce shi, sannan in ci gaba. Faifan ya rage bugawa sosai. Amma tafiyar ta koma ta hawainiya, rana ta take tsaka koren bai fi rabi da kaɗan ba.

Sai aka ɗauke wuta.

Fankar sama ta fara rage gudu, keken tela da ke maƙwabtaka ya yi shiru. Akwatin batirin da ke ƙarƙashin teburina ya karɓi aikin ya fara ƙara, ɗit, can kuma ɗit. Batirin nan na san shi. Ya tsufa, na daɗe ina cewa zan canza. Ba ya riƙe wuta fiye da ɗan lokaci kaɗan.

"Mene ne wannan?" in ji Yaya.

"Batir ne. In ya ƙare komai zai mutu lokaci ɗaya."

"Sai a sake daga farko?"

"Manhajar za ta tuna inda ta tsaya. Faifan ne ban san ko zai sake tashi ba."

Anti ba ta jira an ce mata komai ba. Ta fice sai shagon tela, ina jin muryarta ta bango.

"Maigida, taimaka ka tada janaretanka yanzu-yanzu, don girman Allah!"

Telan dattijo ne mai sanyin jiki, ba ya gaggawa ko gobara ake. Na ji yana cewa bari ya duba ko da mai. Na ji yana jan janaretan zuwa baranda. Na ciro doguwar waya daga ƙarƙashin tarkace na miƙa wa Anti ta taga, ta ja ta. Ƙarar batirin ta fara matsowa kusa da juna, ɗit ɗit ɗit. Tela ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake ja, ya sake mutuwa.

Yaya ya dafa teburin da tafin hannu biyu, jijiyoyin bayan hannunsa duk sun miƙe. Gumi na bin gefen fuskarsa yana ɗiga a kan rigarsa.

Na kashe sikirin, na kashe fitilar tebur, na cire duk abin da ke shan batirin in ban da kwamfutar da faifan biyu. Yanzu ni ma ba na ganin komai na aikin. Ƙarar ta koma ɗaya doguwa ba yankewa, wadda take yi in saura ƙiris.

"Matsa, Maigida, ba ni nan!"

Muryar Anti ce. Na ji an fizgi igiyar da wani irin ƙarfi, injin ya yi gurnani, ya kama. Na cusa filogin akwatin batirin a doguwar wayar. Ƙarar ta ɗauke.

"Yana juyawa," in ji Yaya, murya can ƙasa. "Bai tsaya ba."

Anti ta shigo tana haki, tafin hannunta ya yi ja, igiyar ta ɗan yanke ta. Ta koma kan kwalinta ta zauna.

La'asar ta yi kafin koren ya kai ƙarshen layin. Saura wuraren da muka tsallake. Na ce wa manhajar ta koma musu. Ta ciro wasu da ƙyar. Ana cikin haka Yaya ya ɗago kai.

"Wannan kukan daban ne."

Faifan ya yi ƙas ƙas ƙas a jere, ya yi wani dogon nishi kamar fankar da aka kashe, ya tsaya. Na cire wuta na mayar. Ko motsi. Na sake. Ba komai.

"Ya tafi ko?"

"Ya tafi, Yaya."

"Me muka samu?"

"Kusan duka. Akwai 'yan wuraren da bai ba mu ba. Ban san me ke cikinsu ba sai mun tada."

Kafin in yi komai na sake kwafe sabon faifan zuwa wani, don yanzu duk duniya nan kaɗai Akawu yake. Sannan na ɗaura shi a cikin kwamfutar da na tanada, na jona madannan Yaya da lasifikarsa da muka taho da su. Na kunna.

Tambarin tsohon tsarin ya fito. Sai sikirin ya rikiɗe ya koma shuɗi, da fararen rubutu, kwamfutar ta mutu ta sake tashi da kanta. Tambari, shuɗi, mutuwa.

"Me kike gani? Na ji tana ta sake tashi."

"Tsarin ne ya farka ya ga ba ɗakinsa ba. Yana neman faifai ta hanyar da ya saba, ita kuma wannan na'urar da wata hanya take magana."

Na shiga saitin da ke can ƙasan na'urar, wanda ake shiga kafin tsari ya tashi. A irin waɗannan masu matsakaicin shekaru akan sami wurin da za ka ce mata ta yi mu'amala da faifai irin ta da. Dalilin da ya sa na zaɓe ta ke nan, amma ban taɓa dubawa na tabbatar ba. Na bi shafi na farko, babu. Na biyu, babu. A wani lungu, ƙarƙashin wani suna da ban zata ba, na same shi. Na canza, na ajiye, na sake kunnawa.

Tambari ya fito. Ya daɗe. Sikirin ya yi baƙi. Sai ga fuskar kwamfutar Yaya, fayilolinsa a jere, komai a inda ya bar shi.

"Ta tashi!" Na daka tsalle har na ture fankar. "Anti, zo ki gani, ta tashi!"

Anti ta taso tana hamdala. Sai muka lura Yaya bai motsa ba. Ya ɗora yatsunsa a kan madannai ya danna. Ya sake dannawa. Lasifikar ba ta ce komai ba.

"Ku kuke ganin ta tashi," ya ce. "Ni a wurina tana nan a mace."

Kunya ta kama ni. Na duba, Akawu na nan, alamarsa na ƙasan sikirin, yana aiki. Magana yake yi, ba ta fita. Tsohon tsarin bai san na'urar sautin da ke cikin wannan kwamfutar ba. Kowane ƙarfe yana buƙatar wata 'yar manhaja da muke kira direba, mai gabatar da shi ga tsarin, kuma masu wannan ƙarfen ba su taɓa yi wa tsari mai tsufa haka direba ba. Na gwada waɗanda nake da su, ya ƙi. Na nemo wani mai kama da shi na saka, sikirin ya daskare, sai da na kashe na kunna, raina a hannu. Tela ya leƙo ya ce man janareta ya kusa ƙarewa.

Yaya ya janye hannuwansa daga madannan ya mayar kan cinya. Ya juya fuskarsa wajen taga. Na ga Anti ta dube shi, na ga yadda fuskarta ta canza, na gane abin da take gani, wato zaman bakin tagar nan na da.

"Ba sauran wata dabara?" ta tambaye ni, ba ta ɗaga murya ba.

Na jawo akwatin tarkacen da nake zuba abin da ban iya zubarwa ba, na kife shi a ƙasa. Tsofaffin wayoyi, matattun caja, sukurori. Abin da nake nema wata 'yar na'urar sauti ce ta waje, kamar filashi, mai ramin jona lasifika. Irinta ba ta buƙatar direba na musamman, tsofaffin tsare-tsare ma sun san ta. Na san na taɓa ganin ɗaya. Anti ta durƙusa tana taya ni tonawa ba tare da ta san me ake nema ba, duk abin da ta ɗago sai ta nuna min. A cikin wata tsohuwar safa da na ƙulle ƙananan kaya na same ta, murfinta a fashe.

Na soka ta. Na mayar da wayar lasifikar cikinta. Wani ɗan saƙo ya fito a ƙasan sikirin cewa an ga sabon abu, ana dubawa. Muka jira.

Lasifikar ta yi ɗan tsaki. Sai muryar murar nan ta cika shagon, tana karanto sunan fayil ɗin da ke kan gaba.

Yaya bai juyo nan da nan ba. Ya sa bayan hannu ya goge fuska, sannan ya matso, ya lalubi madannan.

"Kai, Akawu," ya ce, "ka ba mutane wahala."

Ya buɗe hirar. Tana nan, har inda ya tsaya. Ya sa Akawu ya karanta, ya karanto wani dogon bayani na likita a kan ciwon suga tiryan-tiryan, ba inda ya yi tuntuɓe. Sai Yaya ya buɗe sabon shafi ya rubuta wa Anti godiya, ya ce ta matso ta ji. Akawu ya buɗe baki ya kwaɓa wani abu da ba Hausa ba, ba kuma wani yare ba. "Sannu" ta fito kamar ana kiran kyanwa.

Na duba kundayen. Na asibiti lafiya, na kotu lafiya, na noma lafiya. Na farkon ne, mafi tsufa, na kalmomin gida, ya faɗa a wurin da faifan ya hana mu. Ya ƙi buɗuwa sam. Akawu ya san sunan kowace cuta da kowace tuhuma, amma ya manta ruwa, ya manta gishiri, ya manta gaisuwa.

Na faɗa masa ina jiran ya fashe.

"Shi na fi shan wuya a kansa," ya ce. "Lokacin ban san kan abin ba." Ya juya wajen Anti. "Yanzu na sani. Tashi mu je gida, Gimbiya, hannunki na buƙatar magani."

Hirar ta isa gidan rediyo a makare, suka yi ɗan ƙorafi suka karɓa. Ya yarda na riƙa zuwa ina kwafe masa komai lokaci-lokaci, kwafi ɗaya a gidansa, ɗaya a shagona. Na gaya masa gaskiya cewa wannan kwamfutar ma aro muka yi, wata rana ba za a sami na'urar da za ta karɓi tsohon tsarin ba. Ya ce ya ji. Har yanzu bai yarda da sababbin muryoyin ba, amma ya bar ni na saka masa ɗaya a wayarsa, yana ɗan taɓa ta in ba kowa, yana zaginta.

Kundin gida kuwa sun sake shi tare da Anti. Da na je wani ƙarshen mako na tarar da ƙofar ɗakin aikinsa a buɗe, ita tana kicin tana ƙwala masa kalmomi duk abin da hannunta ya taɓa.

"Ludayi!"

Ya buga, Akawu ya faɗa, ya gyara, ya sake faɗa.

"Murfi!"

"Dakata mana, ban gama da ludayin ba. Auta, shigo ki zauna. Kin ci abinci?"